Ɗan Inshorar da Ya Koyi Sauraren Teku

A ƙarshen shekarar 1982, a wani ƙaramin gari mai suna Owings a jihar Maryland ta Amurka, akwai wani ofishin inshora da babu abin da zai sa mai wucewa ya waiwaye shi. Mai ofishin, Tom Clancy, yana da shekara 35, ga iyali, ga tabarau mai kaurin gilashi. Aikinsa cike takardun mutanen da ke tsoron kada motarsu ta yi karo ko gidansu ya kama da wuta. Idan ciniki ya lafa sai ya jawo tafireta ya hau bugawa, kuma abin da yake bugawa ba shi da haɗi da mota ko gida. Labarin wani katafaren jirgin yaƙi ne na Tarayyar Sobiyet, irin mai tafiya a ƙarƙashin teku, wanda kyaftin ɗinsa ya ƙudura niyyar gudu da shi zuwa Amurka.

Tun yana yaro a Baltimore son soja ya shiga ransa. A Kwalejin Loyola, inda ya karanta adabin Ingilishi ya gama a 1969, ya shiga shirin horar da ɗalibai masu son zama hafsoshi, sai idonsa ya hana, domin ba ya gani daga nesa. Bai taɓa zuwa fagen daga ba. Lokacin da ya zauna rubutun nan ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin jirgi mai nutso ba. Duk da haka, da littafin ya fito a watan Oktoban 1984 da sunan The Hunt for Red October, wato farautar jirgin da ake kira Jan Oktoba, mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a cikin irin waɗannan jirage sun karanta sun ce lalle haka abin yake. Yadda aka yi baƙo ya san gari har 'yan gari suka sallama masa, shi ne abin da ya daɗe yana burge ni.

Duk mai rubuta labarin soja karon farko yana da masu karatu iri biyu a gabansa, kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Na farko tsohon soja ne. Shi wannan, da ya ga ka sa kofur yana ba saje umarni, ko ka kira bindiga da sunan da ba nata ba, ya rufe littafin ke nan, kuma zai gaya wa abokansa kada su ɓata kuɗinsu. Na biyu farar hula ne da ya dawo daga aiki a gajiye yana son abin da zai hana shi barci. Shi kuma idan ka cika masa shafi uku da lambobin inji, sai ya yi hamma ya kashe fitila. Wanda ya riga ya yi suna, ana iya yi masa uzuri a babin farko. Sabon shiga ba ya da wannan gatan. Dole ya riƙe mutum biyun nan da hannu ɗaya tun daga shafin farko.

Irin da Clancy ya shuka, daga tarihi ya tsinto shi. A watan Nuwamban 1975, wani jirgin yaƙin Sobiyet mai suna Storozhevoy yana tsaye a tashar Riga, sai jami'in siyasa na jirgin, Valery Sablin, ya kulle kyaftin, ya ja hankalin wani ɓangare na ma'aikata, suka tayar da jirgin cikin dare. Nufinsa ya je Leningrad ya yi wa jama'a jawabi kan ruɓewar shugabannin zamanin Brezhnev. Jiragen sama suka bi shi da bama-bamai, aka tsayar da jirgin, aka harbe Sablin a shekarar da ta biyo. A ƙasashen Yamma an daɗe ana zaton Sweden ya nufa. Clancy ya ɗauki wannan ɗanyen abu ya jujjuya shi. Jirgin da ke saman ruwa, wanda ko daga sama ana hangensa, ya mayar da shi mai nutso, wanda sai an yi farautarsa a makance. Jami'in siyasa da ya yi bore ya koma wanda za a kashe, kyaftin ya zama mai guduwa. Sannan ya loda wa jirgin makamai masu linzami na nukiliya 26, yadda babu gwamnatin da za ta iya naɗe hannu ta zuba ido. Kowane sauyi a cikin ukun nan yana ƙara matse labarin. Mai koyon wannan sana'a zai amfana idan ya zauna ya jera abin da ya faru a Riga da abin da ke cikin littafin gefe da gefe, ya tambayi kansa me ya sa aka canza wannan aka bar wancan.

Bayanan kuwa a fili ya same su. Akwai manyan littattafan da ake sayar wa kowa, masu jera jiragen yaƙin duniya da tsawonsu da gudunsu da makamansu, irin wanda Norman Polmar ya haɗa kan rundunar ruwan Sobiyet. Akwai wani wasan dabarun yaƙin ruwa mai suna Harpoon, wanda wani tsohon hafsan sojan ruwa, Larry Bond, ya ƙirƙira, ana yin sa da takarda da taswira. Daga nan Clancy ya fahimci nisan da wane makami ke ci, da tazarar da wace na'ura ke iya jiyo motsi. Amma babbar taskarsa mutane ne. Ba nisa da ofishinsa akwai tashar lantarki ta nukiliya ta Calvert Cliffs, kuma da yawa daga cikin ma'aikatanta tsofaffin sojojin jirage masu nutso ne, tunda a can suka koyi sarrafa injin nukiliya. Wasunsu suna zuwa wurinsa yin inshora. Ya riƙa jan su da hira, yana tambaya, yana kasa kunne. Matambayi ba ya ɓata. Littafi zai gaya maka tsawon jirgi, amma sai wanda ya kwana wata biyu a ciki zai gaya maka yadda ake magana ƙasa-ƙasa idan ana bin sawun abokin gaba, da yadda ƙaramin soja ke faɗa wa babba magana marar daɗi ba tare da ya ƙetare iyaka ba.

Na ce kasa kunne, kuma a nan nake so in daɗe, domin littafin kansa a kan kunne aka gina shi.

Mukan ce gani ya kori ji. A ƙarƙashin teku abin ya juya, ji ne ya kori gani. Haske ba ya nisa a can, jirgi mai nutso ba ya da taga, na'urar rada ba ta aiki a cikin ruwa. Sauti ne kaɗai ke tafiya, kuma yana tafiya sosai: kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Na'urar da ake kira sona iri biyu ce. Akwai mai buga ƙara ta jira amsa-kuwwa, wadda ke nuna maka inda abokin gaba yake amma ta nuna masa inda kake. Akwai mai yin shiru tana saurare kawai, kuma da ita masu farauta suka fi dogara. Kowane jirgi yana da muryarsa. Farfela idan ta yi gudu tana haifar da 'yan kumfa masu fashewa da ƙara, famfon da ke sanyaya injin nukiliya yana da nasa gurnani, har ƙwararre na iya ƙirga juyin farfela ya gaya maka saurin jirgin. Sai kuma bayan jirgi, inda ƙarar injinsa ke toshe masa kunne. Nan mai bin sawu ke laɓewa. Saboda haka kyaftin-kyaftin na Sobiyet kan juya jirgi ba zato ba tsammani don su saurari bayansu, dabarar da Amurkawa suka laƙaba wa suna Ivan Mahaukaci, kuma wanda ke biye dole ya kashe inji nan take ya bar jirginsa yana sulalewa, kowa a ciki ya ƙame.

Duk wannan bayani ne da za a iya zubawa a shafi kamar darasin makaranta. Clancy bai yi haka ba. Ya ɗora shi a kan mutum ɗaya, wani ƙaramin soja mai suna Jones, mai kula da sona a jirgin Amurka da ake kira Dallas. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya bar jami'a bai gama ba, mai son kiɗan Bach. Wata rana yana zaune da abin saurare a kunne sai ya jiyo wani sauti mai rauni, kamar ruwa na bi ta cikin bututu. Ya tura wa kwamfutar jirgin. Kwamfuta ta ce motsin narkakken dutse ne a ƙasan teku. Jones bai gamsu ba, saboda ya san asalin manhajar don nazarin motsin ƙasa aka rubuta ta, idan ta rikice sai ta koma ga abin da ta saba. Ya naɗi sautin a kaset, ya tace shi, ya kunna shi da gudu ninki goma. Sai ga bugu yana maimaituwa daidai wa daida, irin wanda inji kaɗai ke yi. Ya jera lokutan da ya ji shi da kusurwar da ya fito a kan taswira, sai suka ba da hanya, kamar ta abin da ake tuƙawa. Ya kwashi kayansa ya je gaban kyaftin ɗinsa, Mancuso, ya ce masa kwamfuta mai tsadar gaske ta yi kuskure, shi kuma ya yi daidai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin tsohon bakanike ya ga ya sunkuya kan inji, ya rufe ido, ya ɗago ya faɗi abin da ya lalace tun kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, ya san daɗin da ke cikin wannan fage. Kafin mai karatu ya farga ya riga ya koyi yadda sona ke aiki, ya koyi raunin kwamfuta, ya koyi irin kyaftin ɗin da ke sauraren na ƙasa da shi, kuma duk a cikin fargabar ko za a yarda da yaron. Tsohon soja ya ga aikinsa an kwatanta shi da mutunci. Farar hula ya ga yaro mai gaskiya a gaban manya. Ga masu karatun nan biyu an riƙe su da hannu ɗaya. A ganina, wannan fagen kaɗai ya isa a koyar da shi ga duk mai son shiga wannan fanni.

Haka Clancy ya yi da buɗe labarin. Kyaftin Marko Ramius, wanda jininsa rabi na Lituweniya ne, ya fito da Jan Oktoba daga tashar Polyarny a arewacin Rasha. A ɗakin cin abincin hafsoshi, shi da jami'in siyasa suka buɗe akwatin ƙarfe suka ciro takardar umarni. Nan Ramius ya kwashe masa ƙafa ya buga wuyansa a gefen tebur, sannan ya zubar da shayi a ƙasa don a ce santsi ne ya kwashe shi. Shayin nan ƙaramin abu ne, amma shi ke gaya maka mutumin ya daɗe yana shiri. Dalilinsa kuma ba aƙida ce kawai ba: matarsa ta mutu a hannun wani likita mashayi da ba a taɓa hukunta shi ba saboda ɗan manya ne. Sannan, kafin ya tashi, ya aika wa wani babban hafsa a Mosko wasiƙa yana sanar da shi abin da zai yi. Da wannan wasiƙa ya yanke wa kansa da mutanensa hanyar komawa, ya kuma saki rundunar Sobiyet gaba ɗaya a bayansa. Marubucin ya raba littafin kwana-kwana, kwana 18 cikin watan Disamba, kowane babi da ranarsa, a ciki kuma yana tsallakawa daga wannan jirgi zuwa wancan ofis. Mai karatu yakan san abin da Rashawa suka sani da abin da Amurkawa suka sani, alhali kowane ɓangare rabin hoton yake gani. Shi ya sa idan Jack Ryan, mai nazarin bayanan sirri a hukumar CIA, ya tsaya gaban manya yana cewa gudu mutumin yake yi, ba hari zai kawo ba, kai da ke riƙe da littafin kana ji kamar ka shiga ɗakin ka ba shi shaida.

Akwai wani wuri da nake yawan komawa. Ɗaya daga cikin jiragen Sobiyet da ke farautar Ramius ya daɗe yana sheƙa gudu fiye da kima. Injiniya ya nemi a rage gudu a duba inji, jami'in siyasa ya ƙi. Sai Clancy ya bar mutanen ya bi wani ɗan ƙaramin ƙarfe a cikin bututun ruwan sanyaya injin nukiliya, yadda girgiza ta gajiyar da shi, ya ɓalle, ya toshe hanya, har zafi ya narkar da zuciyar injin jirgin ya nitse da mutanensa. Kana karantawa kana ganin ajali na tahowa taki-taki, su kuwa na ciki ba su sani ba. Na kan yi tunanin cewa shekarun da ya yi a inshora ba su tafi a banza ba. Mutumin da ya shafe shekara goma yana karanta rahoton gobara da haɗari ya san cewa babbar masifa daga ƙaramin sakaci take farawa, kuma yawanci akwai wanda ya yi gargaɗi ba a saurare shi ba.

Cikin kimanin wata huɗu ya gama zubin farko. Ya kai wa maɗaba'ar Cibiyar Sojan Ruwa da ke Annapolis, wadda mujallarta mai suna Proceedings ta taɓa buga masa wata gajeriyar maƙala. Wannan maɗaba'a littattafan tarihi da na koyon tuƙin jirgi ta saba bugawa, ba a san ta da sabon ƙagaggen labari ba. Editar da rubutun ya faɗa hannunta, Deborah Grosvenor, ta ga abin da ke ciki ta tsaya masa a gaban shugabanninta. Ta kuma sa shi ya zubar da kimanin shafi 100, akasari bayanin na'urori. Aka saye littafin a kan dala 5,000.

Shafi ɗarin nan da aka zubar rabin sana'ar ne. Wanda ya sha wahalar tono bayani yana jin ciwon barin ko guda, kamar manomin da aka ce ya cire wasu daga cikin shukar da ya yi don sauran su yi ƙwari. Amma abin da ya rage a shafi yana samun ƙarfinsa ne daga abin da marubucin ya sani bai faɗa ba. Kuma wannan ciwo bai bar ko waɗanda suka ga yaƙi da idonsu ba. Karl Marlantes ya jagoranci sojojin ƙundumbala na Amurka a dazukan Biyetnam, ya dawo da lambobin yabo na jarumta, ya kwashe shekara kusan 30 yana fama da littafinsa na farko, Matterhorn, masu buga littattafai suna mayar masa da shi. Rubutun ya kai shafi 1,600 a wani lokaci. Sai da aka rage shi zuwa kusan 600 ya fito a 2010, marubucin yana da shekara 65. Shi matsattsaku da yunwa da ruɓewar ƙafa a cikin takalmi ya sani a jikinsa, ba wanda ya ba shi labari. Clancy ya tara da kunne, Marlantes ya tara da fata, amma duka biyun sai da suka zauna suka tankaɗe.

Ba zan ce littafin Clancy ba ya da rauni ba. Mata kusan babu su a ciki. Amurkawansa sun cika nagarta, kuma da wuya ka ga wani a cikinsu yana kokawa da zuciyarsa yadda yaran Marlantes ke yi. Wanda ke neman sanin abin da yaƙi ke yi wa ran ɗan Adam, wani littafin zai nema. Abin da Clancy ya iya, wanda kaɗan ne suka kamo shi, shi ne nuna mutane ƙwararru suna aikinsu a lokacin da kuskure ɗaya zai iya jawo halaka, da kuma sa mai karatu ya ji kamar an ba shi kujera a cikinsu. Ya ɗauki aikin ƙaramin soja mai saurare da na injiniya mai duba ma'aunin zafi da muhimmancin da wasu marubuta ke bai wa janar-janar kaɗai. Wannan girmamawa ga mai sana'a ita ta fi taɓa ni, kuma ina jin ita ce ta sa sojojin ruwa suka rungumi littafin tun kafin sauran jama'a su ji labarinsa.

Shi kansa burinsa bai wuce a sayar da kwafi 5,000 ba. Littafin ya fara yawo a Washington hannu zuwa hannu, har wani ya ba Shugaba Ronald Reagan kyautarsa lokacin Kirsimeti. Reagan ya karanta ya yaba a bainar jama'a, ciniki ya buɗe: kwafi wajen 300,000 masu kaurin bango, da miliyan biyu na ƙaramin bugu. A 1986 Clancy ya fitar da Red Storm Rising, wanda suka tsara tare da Larry Bond, mai wasan nan da ya fara koya daga gare shi. A shekarar ce kuma maɗaba'ar Annapolis ta buga Flight of the Intruder, littafin farko na Stephen Coonts, wanda ya tuƙa jirgin saman yaƙi a Biyetnam, ƙofar da Clancy ya buɗe ta fara shigar da wasu. A 1990 aka yi fim ɗin Jan Oktoba, Sean Connery ya fito a matsayin Ramius.

A 1985 an gayyaci ɗan inshorar cin abincin rana a Fadar White House. Cikin waɗanda ke wurin akwai John Lehman, sakataren rundunar sojan ruwa, wanda ya karanta littafin ya ga abubuwan da ya ɗauka suna kulle a akwatunan gwamnati. Ya tambayi Clancy wa ya ba da izinin a buga wannan. Babu wanda ya bayar, domin babu takardar sirri ko ɗaya da ta taɓa shiga hannunsa. Kayan aikinsa suna can a Owings: littattafan da kowa zai iya saye, kwalin wasan Harpoon, da abin da ya riƙe daga bakin mutanen da suka zo sabunta inshorar motarsu.